Takin zafi ko takin sanyi: wanne za ki haɗa a ƙarshen hunturu?

'Yar'uwa, kin ce kina da tarin busassun ganye da ɓawon kayan lambu, hunturu ya kusa fita, kina neman taki kafin lokacin shuka, kuma kina shirin dasa bishiyoyin asali na yankinki domin tsuntsaye da ƙananan dabbobi. Tambayarki ita ce: ki haɗa tsibin da zai yi zafi, ko ki bar kayan su ruɓe da kansu? Dukansu taki mai kyau suke bayarwa. Inda suka rabu shi ne lokaci, da yawan aiki, da abin da kowanne yake kashewa.

Takin zafi a rana ɗaya ake haɗa shi. Tsibin ya kai mita 1 a tsayi, mita 1 a faɗi, mita 1 a tsawo. In bai kai haka ba, musamman da sauran sanyi a gari, zafin zai riƙa tserewa ta gefe. Ki zuba bokiti 2 zuwa 3 na busassun kaya (ganye, kara da aka daddatse, yagaggen kwali) a kan kowane bokiti 1 na ɗanyun kaya (ɓawo, ɗanyar ciyawa, kashin kaji ko na shanu). Ki riƙa yayyafa ruwa kina haɗawa. Idan kika damƙi kayan a hannu, ɗigo ɗaya ko biyu ya kamata ya fito. Cikin kwana 3 zuwa 5 tsakiyar tsibin za ta hau digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Selsiyus, har ki ga tururi na tashi da safe. Wannan zafin ne yake kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cutar tsirrai. Da ya fara sauka, ki juya, na waje ya koma ciki. In ya wuce 70 ma ki juya, don a nan ƙananan halittun da ke ruɓar da kayan suke fara mutuwa. Ki rufe da tanfol saboda ruwan sama da iska mai sanyi. Idan ana juyawa duk mako, wata 2 zuwa 3 ya isa.

Matsalarsa a wannan lokaci ita ce ƙarancin ɗanyun kaya, tunda ciyawa ba ta fito ba. Ganye zalla ba ya zafi. Tsibin da ya ƙi ɗumi, ko dai ya bushe, ko ya yi ƙanƙanta, ko sinadarin naitirojin, wanda ɗanyun kaya ke bayarwa, ya yi masa kaɗan, kuma kashin kaji na magance na ƙarshen. Wari mai yaji kamar na fitsari alama ce ɗanyun kaya sun yi yawa, sai ki ƙara ganye. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa ruwa ne ya toshe iska: ki baje, ki cakuɗa da kara ko kwali.

Takin sanyi ba ya neman komai sai haƙuri. Kina zubawa kaɗan-kaɗan, kina rufe ɓawo da ganye, naman gwari da tana su yi aikinsu. Yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara, wani lokaci fiye. Ba ya kashe irin ciyawa, don haka kada ki saka ciyawar da ta yi 'ya'ya ko ganyen da cuta ta kama, in ba haka ba za ki shuka wa kanki aiki. Amma yana da abin da na zafi ba shi da shi: kwaɗi, ƙadangaru, ƙwari, a wasu ƙasashe har bushiya, suna fakewa a cikinsa lokacin sanyi. Idan kina da tsohon tsibi, kada ki taɓa shi sai gari ya yi ɗumi sosai. Nama, mai, madara da kashin kare ko kyanwa, babu tsibin da za su shiga.

Shawararmu: na zafi don kayan lambun bana, muddin za ki samu kashin dabbobi. In babu, ki yi na sanyi, ki sa rai da shi baɗi. Kada ki yi gaggawar amfani da wanda bai nuna ba, yana hana iri tsira. Nunannen taki baƙi ne, yana marmashewa, da ƙamshin ƙasa, kuma ba ya sake ɗumi bayan an juya shi.

Su kuwa bishiyoyin, ba sai sun jira taki ba. Ki haƙa rami mai faɗin saiwar sau 2 zuwa 3, zurfinsa daidai da ita, ki mayar da ƙasar da kika tono kawai. In aka cika rami da taki, saiwa takan yi ta kewaye a ciki ta ƙi ratsa ƙasar gefe. Ganyen da ya ragu ki shimfiɗa a sama, kaurin santimita 5 zuwa 8, ki bar tazarar santimita 10 daga gindin bishiyar don kada danshi ya ruɓar da ɓawonta.