Mujallar Movement Ecology: ra'ayin mai bibiyar tsuntsaye daga Baturiya

Duk mai nazarin yadda halittu ke ƙaura, ina ba shi shawarar ya leƙa Movement Ecology. Kamfanin buga mujallun kimiyya na BMC ne ke fitar da ita tun 2013, kuma karanta ta kyauta ne a intanet.

Abin da ya fi ja min hankali ke nan. A nan dausayin Baturiya da ke jihar Jigawa, hawa tudu nake yi kafin sabis ya kama, amma da zarar ya kama sai in sauke maƙala sukutum a wayata, har da taswirar hanyar da tsuntsu ya bi bayan an ɗaura masa 'yar na'urar GPS a gadon baya. Na taɓa nuna wa wani dattijo masunci irin wannan taswira. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, to shamuwarmu fa, wa zai bi ta?" Tambayar ta tsaya min a rai, domin kowa ya san zuwanta da damina, amma ba kowa ya san kudancin Afirka take tafiya ba.

Sai dai marubuci ne ke biyan kuɗin bugawa, da kuɗin waje, kuma ba kaɗan ba ne. Kafin ka tura aikinka, fara neman tallafi ko ka tambaye su rangwame.