Finafinan kisan Kennedy da aka tura mini a memori: ɗaya ya biya, sauran da gyara

Makon jiya na kai wayata wani shagon masu tura finafinai a wajen Wunti, nan Bauchi. Ina jira sai yaron shagon ya ce, "Malam, akwai na tarihi masu fassarar Hausa, kan yadda aka kashe shugaban Amurka. In haɗa maka?" Na ce ya zuba. Guda huɗu ne, kuɗin bai taka kara ya karya ba, cikin dare uku na gama da su.

Labarin ya daɗe a raina. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, ya ziyarci John Kennedy a Washington a watan Yulin 1961. Ba a cika shekara biyar ba, da baƙon da mai masaukin duk an kashe su.

Na farkon shi ne ya biya ni. Hoto fes, muryar mai fassara a nitse. Ya bi ranar 22 ga Nuwamban 1963 daki-daki: motar shugaban mai buɗaɗɗen sama tana ratsa birnin Dallas da ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana, aka yi harbi daga hawa na shida na wani ginin ajiyar littattafan makaranta, inda Lee Harvey Oswald, wanda aka zarga da kisan, yake aiki. Ya nuna ɗan bidiyon da wani ɗan kallo, Abraham Zapruder, ya ɗauka, wanda bai kai rabin minti ba.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar harsashin da aka ce ya ratsa wuyan Kennedy ya kuma raunata Gwamnan jihar Texas John Connally, wanda ke zaune a gabansa cikin motar. Shekaru ina jin ana cewa hakan ba zai yiwu ba sai dai in harsashin kwana ya yi a iska. Ashe kujerar gwamnan 'yar ƙarama ce, ta fi ta shugaban ƙasa-ƙasa, kuma ta ɗan shiga ciki. Da aka zana zaman nasu yadda yake, sai ga hanyar harsashin ta miƙe. Sau uku ina mayar da wurin baya.

Na biyu da na uku su ne na zargin maƙarƙashiya, kuma ba zan ce masu shakka ba su da hujja ba. Kwana biyu da kisan, Jack Ruby ya bindige Oswald a hannun 'yan sanda, ana kallo kai tsaye a talabijin. Oswald ya zauna a Tarayyar Sobiyet daga 1959 zuwa 1962. A kwamitin Warren da gwamnati ta kafa don binciken kisan, wanda ya ce a 1964 Oswald shi kaɗai ya yi aikin, har da Allen Dulles, mutumin da Kennedy ya raba da shugabancin CIA, hukumar leƙen asirin Amurka. Hukumar kuma ba ta gaya wa kwamitin cewa tana ƙulla kashe Fidel Castro na Kuba ba. Mu da muka san abin da ya sami Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko da aka kashe a 1961, wanda shi ma CIA ta taɓa ƙulla kashe shi, ba a buƙatar a yi mana dogon bayani.

Amma a nan raina ya ɓaci. Finafinan biyu sun dogara da kwamitin Majalisar Wakilan Amurka da ya ce a 1979 mai yiwuwa akwai haɗin baki. Turancin yana fitowa ƙasa-ƙasa a bayan muryar mai fassara, na ji da kunnena an ce "mai yiwuwa", shi kuwa ya ce "tabbas". Wannan ba fassara ba ce, ƙari ne. Sannan ba su faɗi cewa babbar madogarar kwamitin wani sauti ne da aka naɗa daga rediyon 'yan sanda ba, wanda masana na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka suka bincika a 1982 suka ce bai nuna maharbi na biyu ba. Ƙanena da muka kalla tare ya tashi da yaƙinin an riga an kama CIA dumu-dumu, sai da muka kai sha biyun dare ina warware masa. Yara nawa ne suka kalla ba mai warware musu?

Na huɗun kiɗa ya danne magana, ga shi ya yanke kafin ƙarshe. Na goge shi.

Wanda zai saya ya nemi na farkon, ya fara da shi kafin ya taɓa sauran. Da na koma shagon na gaya wa yaron haka, ya kuma saurara da ladabi. Na tambaye shi ko akwai irin wannan a kan Janar Murtala Muhammad, wanda ya ƙirƙiro jihar Bauchi ranar 3 ga Fabrairun 1976, aka harbe shi a Legas bayan kwana goma. Ya duba kwamfutarsa sama da ƙasa, ya ce, "Wallahi Malam, babu ko ɗaya."