Manhajar YouVersion da Hausa: Abin da Mai Bi a Legas Zai Samu a Cikinta

Littafi Mai Tsarki na Hausa ba a kowane kantin littattafai ake samunsa a Legas ba. Mai gadi a Lekki ko mai sauke kaya a Mile 12 ba shi da ranar da zai ɓata yana neman bugun takarda, don haka da yawa suka koma wa YouVersion, manhajar karanta Littafi Mai Tsarki a waya da wata ikilisiya a Amurka ta fitar a 2008. Kyauta ce, kuma ba ta cika fuskar waya da talla.

Saitin farko shi ne komai. Bayan ka sauke ta daga Play Store, buɗe asusu da imel, taɓa sunan fassarar da ke saman shafi, canza harshe zuwa Hausa, sannan ka danna alamar saukewa. Wanda ya tsallake wannan mataki na ƙarshe zai ga shafi ya ƙi buɗewa ranar da datarsa ta ƙare, kuma sau da yawa a irin wannan ranar ce mutum ya fi bukatar Zabura 27. Asusun ma ba ado ba ne: ayoyin da ka shafa wa launi suna ajiye a cikinsa, ko an fizge wayar a Oshodi za su dawo a sabuwa.

Inda ta fi burge mu shi ne karatun dare. Ana iya ƙara girman harafi, a mai da shafin baƙi, mutum ya karanta Makoki 3 ko Habakuk 3:17-19 ko babu wuta. Waɗannan nassosi ne da suka fito daga bakin mutanen da suka ga rushewar birni da gonar da ta ƙi ba da amfani, duk da haka suka riƙe cewa Allah nagari ne. Karanta surar dukanta, domin ayar rana da manhajar ke turowa gajeriya ce, tana yanke kukan ta bar maka ta'aziyyar kawai.

Akwai fassarar Hausa fiye da ɗaya. Sabon Rai Don Kowa ta fi sauƙin kalmomi, amma idan fasto yana karatu daga tsohon bugun, za ka ji bakinku bai zo ɗaya ba. Tambayi wadda ake amfani da ita a sujadar Hausa ta cocinku.

Matsalolinta ba ɓoyayyu ba ne. Yawancin tsare-tsaren karatu na kullum da ke cikin manhajar kan bege da Turanci suke. Sauraron karatun nassi da murya yana cin data. Ƙaramar waya mai cike da hotunan WhatsApp kuwa takan yi nauyi, sai ka share wasu kafin saukewar ta kammala.