Daga Jamus: ramin kwal ɗinsu da namu na Maiganga

Baffa, ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya a Kumo. Ka ce in bincika maka ko da gaske Turawa sun daina haƙar kwal. A nan Jamus ba su daina ba tukuna. Dokar da suka yi a 2020 ta ba su wa'adi zuwa 2038, sai dai a yankin da nake, yamma da birnin Kolon, sun ce a 2030 za su tsaya.

Ramin kwal na Hambach da ke nan yankin zurfinsa ya kusa mita 400. In aka jera shi da namu na Maiganga, namu kududdufi ne. Kwal ɗin a ƙarƙashin gonaki da gidaje yake kwance, dole sai an yaye ƙasa baki ɗaya. An tashi garuruwa da dama a yankin. A 2018 aka rushe cocin ƙauyen Immerath, a Janairun 2023 kuma sai da 'yan sanda suka kwashe masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath. Kada wani ya ce maka a nan ba a kuka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke riƙon ƙasar noma. Ba a cakuɗa ta da yashi da tsakuwa. Daban ake kwasarta, a shimfiɗa a kan wurin da aka riga aka cike, a shuka ciyawar alfalfa na wasu shekaru har ƙasa ta dawo da ƙarfinta, sannan a miƙa wa manomi gonarsa. Kuma tun kafin a ba kamfani izinin haƙa sai ya nuna yadda zai gyara wurin. Turɓayar da aka fara tonowa daga Hambach ita ce ta zama tudun Sophienhöhe, yau daji ne, ranar Lahadi iyalai ke hawa shan iska.

Ƙura akwai, amma ana yayyafa ruwa a bakin rami, kwal kuma bel da jirgin ƙasa ke kai shi tashar wuta. Ba za ka ga tifa a buɗe tana ratsa gari ba.

Ruwa ne ya gagare su. Famfuna na zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa dare da rana don kada rami ya cika, rijiyoyi su ƙafe har nesa. Bambancin kawai, kamfanin ne ke da alhakin samar wa mutane wani ruwan. A gabashin ƙasar, tsatsar da ke fitowa daga tsoffin ramuka ta rina kogin Spree. Hambach kuwa tafki za a mayar da shi da ruwan kogin Rhine, aikin shekara 40.

Wuta ba a ɗaukewa, na manta ƙarar janareta, amma kuɗinta na cikin mafi tsada a Turai.

In an sake kiran taro a fada, Baffa, a tambaya ina aka ajiye ƙasar saman gonakin, kuma wa zai biya kuɗin cike ramin ranar da kwal ya ƙare. A sa su rubuta amsar a takarda. A gaida Goggo da yara.