Sigarin lantarki: wane iri, kuma wa ya kamata ya saya?

Mutum biyu kan tsaya suna duba sigarin lantarki iri ɗaya, amma kowa da abin da yake hange. Mashayin da ya shekara goma yana ƙone kwali guda a rana, hanyar rabuwa da taba yake nema. Wanda bai taɓa kunna ko kara ɗaya ba, ƙamshin alewa da kyan ɗan bututun ne ke jan sa. Shawarar da ke nan ta na farkon ce.

Mafi yawan ɓarnar sigari daga ƙonewar ganyen take, wato kwalta da gubar hayaƙi. Na lantarki, wanda Hon Lik, wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya ƙirƙiro a 2003, ba ya ƙona ganye. Batir ne ke zafafa siririyar waya, ita kuma ta mai da ruwan nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, tururi. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta cewa illarsa ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100, ƙiyasin da har gobe ake jayayya a kansa. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ɗari-ɗari take da shi.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai na zuƙa-ka-yar, wanda ba a ƙara masa ruwa: ba wahala, amma ya fi cin aljihu idan tafiya ta yi nisa, ga batir da ake jibgewa a bola. Birtaniya ta haramta sayar da shi tun 1 ga Yuni 2025. Akwai babba mai tanki, mai fitar da tururi kamar girgije, wanda sai ka iya sauya waya da daidaita ƙarfin wuta. Wannan na masu sha'awa ne, kuma idan ba a ɗaure shi da kyau ba ka tarar ruwa ya jiƙa maka aljihu. A ganina na uku ya fi dacewa da mai son barin taba: ƙarami, ana yi masa caji, ana ɗura masa ruwa, zuƙarsa a matse take kamar ta sigari.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne ƙarfin nikotin. Mashayi mai nauyi sai ya ɗauki mai rauni don tsoro, kwana uku ƙishin taba ya kama shi, ya koma kwali. Gara ya fara da wanda zai kashe ƙishin, sannan ya riƙa ragewa. Tarayyar Turai ta ƙayyade kada nikotin ya wuce miligiram 20 a kowace mililita ta ruwan, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ko a ina kake. Mai haɗa biyu kuwa, lantarki a ofis, sigari bayan cin abinci, bai tsira daga hayaƙin ba.

Kada ka sayi ruwan da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Cutar huhun da ta ɓarke a Amurka a 2019, ta kashe mutum 68, an danganta ta galibi da man bitamin E da aka cakuɗa cikin ruwan wiwi na bayan fage.

Wanda ba ya shan taba, babu nasa a cikin ukun nan. Jarabar nikotin kawai zai sayo da kuɗinsa. Mai tafiya kuma ya duba doka kafin ya jefa shi a jaka: Indiya ta haramta shi tun 2019, a Ostiraliya kuwa sai a kantin magani ake sayar da shi.