NMR mai megahaz 800: na'urar ta yi, ofishin kamfanin ne bai yi ba

Taurari biyar na yi niyyar bayarwa, kuma da a ce na'urar kaɗai ake aunawa da biyar ɗin na bayar ban ƙara ko kalma ba. Mun daɗe muna fama da tsohuwar NMR ɗinmu, na'urar da ke amfani da maganaɗisu wajen gano tsarin ƙwayoyin sinadarai, mai megahaz 400, wato ƙarfin maganaɗisu tesla 9.4, wadda idan ka saka mata furotin sai layuka su hau kan juna har ka rasa na wane da na wane. Sabuwar mai megahaz 800 ce, tesla 18.8, ƙarfin da ya ninka maganaɗisun duniya fiye da sau dubu ɗari uku. Duk wanda ya san aikin ya san irin ɗokin da muka yi.

Injiniyan da suka turo mana, a gaskiya ban da abin cewa a kansa sai alheri. Tun kafin akwatuna su iso ya zo ya auna girgizar daɓen ɗakin, ya duba ko tsayin silin zai bari a zura bututun ɗura heliyam daga sama, ya kuma sa muka sauya wurin da muka zaɓa saboda akwai lif a bayan bangon, ƙarfen da ke hawa da sauka zai riƙa motsa filin maganaɗisun. Ya shata layin gaus 5, wato iyakar tsaro da ke kewaye maganaɗisun, a ƙasa da hannunsa. Zuƙe iskar tulun da maganaɗisun ke ciki, sanyaya shi da ruwan naitirojin a digiri 196 ƙasa da sifili, fitar da naitirojin ɗin tas, sannan ɗura ruwan heliyam a digiri 269 ƙasa da sifili, duk wannan ya tafi lami lafiya.

A wajen ba maganaɗisun wuta ne abin ya faru. Ana ƙara wutar a hankali, mun wuce tesla 17, kowa ya fara murmushi, sai muka ji wani ƙara kamar an fasa tayar babbar mota, bututun fitar da iska ya kama huci, farin hayaƙi ya turnuƙe saman ginin ta waje, ƙararrawar iskar oksijin ta ɗauki kuka. Kwenc ke nan, wato maganaɗisun ya saki ƙarfinsa a lokaci guda, heliyam ya tafasa. Ruwan heliyam lita ɗaya kan zama iska wajen lita 750 idan ya ɗumama, to ka lissafa tulu guda a cikin 'yan mintoci. Muka fice, babu wanda ya ji ciwo, bututun ya yi aikinsa.

Ba kwenc ɗin ne ya ɓata min rai ba. Injiniya ya zaunar da mu ya yi bayani: wayar da ke cikin irin wannan maganaɗisu, ta niyobiyam da kuza, tana ɗaukar matsi mai tsananin gaske idan filin ya yi ƙarfi. Idan wani ɗan sashe ya gusa ko da ƙasa da kaurin gashi ne, gogayyar kan haifar da ɗan zafi, wurin ya daina wuce da wuta babu tirjiya, zafin ya bazu, duk ƙarfin da aka tara ya koma zafi ya tafasa heliyam. Ya ce sabon maganaɗisu kan yi haka, wayar na neman mazauninta ne, kuma sau da yawa karo na gaba yakan wuce inda ya tsaya. Na yarda da shi, kuma daga baya maganarsa ta tabbata.

Abin da ya ci min tuwo a ƙwarya shi ne abin da ofishinsu ya yi washegari. Takardar yarjejeniya ta ce kamfani ne zai kawo heliyam "na girkawa". Mu a fahimtarmu, girkawa ba ta ƙare ba sai maganaɗisu ya kai ƙarfinsa ya zauna. Su kuwa suka ce ai sun kawo na sanyayawa sau ɗaya, na biyun kanmu yake. Haba jama'a! Na'urar da ba mu karɓa ba, ba mu sa hannu ba, ba mu saka ko samfuri ɗaya a ciki ba, tana hannun ma'aikacinku ta zubar da heliyam, sannan ku ce mu biya? Na rubuta wa mai kula da cinikinmu, ya tura ni sashen gyara. Sashen gyara suka ce maganar kwangila ce. Na kwangila suka ce wanda ya san fayil ɗin yana hutu.

Kuma heliyam ba abin da za ka ɗaga waya yau a kawo maka gobe ba ne. Ba ƙera shi ake yi ba, daga iskar gas ake tace shi, a ƙasashe 'yan kaɗan irin su Amurka da Qatar da Aljeriya da Rasha, kuma tun ƙarancin da aka shiga a 2022 dillalai suka koyi ba kowa rabonsa da awo. Muna ta musayar wasiƙu, maganaɗisu yana ta ɗumama, kuma kowa ya san idan ya ɗumama sosai sai an koma baya an sake sanyayawa da naitirojin. Haka kuwa aka yi. Injiniyan da kansa ya kira ofishinsu a gabana ya gaya musu jinkirin nan zai fi heliyam ɗin tsada, ba su saurare shi ba. Lokacin da aka ware masa a wurinmu ya ƙare, ya tafi wani aikin. Ɗalibai masu digiri na uku da suka tsara aikinsu a kan wannan na'ura suka koma roƙon lokaci a wata cibiya. Daga ƙarshe an raba kuɗin biyu, mu muka ɗauki rabi don kawai a wuce wurin, har yau kuma ban ga dalilin da ko kashi ɗaya zai hau kanmu ba.

Da ya dawo, maganaɗisu ya hau har 18.8 ba gardama. Aka jira filin ya lafa, don sabo kan yi ta zamewa na ɗan lokaci, aka daidaita shim, wato ƙananan naɗin waya da ke sa filin ya zama bai ɗaya, aka shiga gwaje-gwajen karɓa. A nan zuciyata ta yi sanyi. Gwajin siffar layi da kulorofom a cikin asiton ya fito siriri tsaf, babu kafaɗa. Gwajin ƙarfin sigina da kashi 0.1 cikin ɗari na etilbenzin ya wuce abin da suka yi alkawari. Na sukuros a cikin ruwa, inda ake duba danne siginar ruwa, shi ma ya yi kyau. Da aka ɗora furob mai sanyi, wato ɓangaren da ke karɓo sigina daga samfuri, wanda ake sanyaya naɗin wayarsa zuwa kusan kelbin 20, wato digiri 253 ƙasa da sifili, don rage hayaniya, na saka wani furotin da ya daɗe yana ba mu wahala a tsohuwar na'ura. Abin da a da sai an kwana ana tarawa, kafin la'asar ya fito, kowane ɗigo a wurinsa. Ranar na ce a raina komai ya wuce, na yafe.

Ban yafe ba ashe, don da takardar garanti ta zo sai na tarar daga ranar da aka sauke akwatuna suka fara lissafi, ba daga ranar karɓa ba. Wato duk makonnin da muka ɓata muna jayayya da su, da waɗanda na'urar ta yi a ɗumame babu wuta, an cire su daga garantinmu. Horon da suka yi alkawarin ba ma'aikatanmu ma an guntule shi, wai jadawalin injiniya ya matse, alhali su suka matse shi. Ɗurin heliyam na farko bayan tafiyarsa, da waya a kunne muka yi shi, yana gaya mana abin yi daga inda yake, a lokacin hutunsa.

Taurari uku na ba su. Mai shirin sayen irin wannan ya sa a rubuta masa ɓaro-ɓaro wa zai biya heliyam idan aka yi kwenc kafin karɓa, ko sau nawa ne, kuma garanti ya fara daga ranar sa hannun karɓa. Maganar garantinmu tana teburinsu, sun ce suna dubawa.