Waya Ko Kwamfuta: Da Wace Za A Buga Wasannin Labari?

Matasanmu na Agege da Idi-Araba a Legas suna yawan tambayar na'urar da ta fi dacewa da wasannin labari na ƙananan kamfanoni.

Waya ta fi sauƙi, tana aljihunka, kana cikin cunkoson Oshodi kana bugawa. Sai dai irin waɗannan wasanni rubutu ne da su sosai, ƙaramin allo kuma yana gajiyar da ido. In wayar ta ɗau zafi, wasan ya fara sarƙewa, caji ya zube.

A kwamfuta zaɓi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Wasan To the Moon na 2011 yana kan duka biyun, amma Firewatch na 2016 babu shi a waya. Steam, dandalin sayen wasannin kwamfuta, ma yana mayar da kuɗi cikin kwana 14, muddin ba ka buga awa 2 ba. Matsalar kwamfuta tsada da wuta. In ta hannu za ka saya a kasuwar Computer Village ta Ikeja, nemi mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB, ka gwada batirin a gaban mai shago, don ɗaukewar wuta kafin ka adana wasa abin takaici ne.

Mai yawan zirga-zirga, waya ta ishe shi. Mai son ya zauna da dare ya nutse cikin labari, kwamfuta ce tasa.